Tsamiyar Balarabe a Cikin Ruwa

Marka ta dire ƙwaryar iri a gaban mijinta da ƙarfi, har gero ya yi tsalle ya watsu a tabarma.

"Malam, ruwa ya sauka jiya. Duk garin ga an tahi shuka, har makaho Abdu an ja shi da sanda. Kai ina za ka?"

Balarabe ya saka takalmansa bai dube ta ba. "Kin san inda za ni."

Ta sani kuwa. Tun yana saurayi ubansa ya ɗora shi a kan wata al'ada: kullum bayan sallar asuba, kafin ya taɓa fartanya, sai ya dafa tsamiyar da ke bakin gonarsu ta fadama ya faɗi magana uku da ƙarfi, don kunnensa ya ji. Zazzaɓi bai taɓa hana shi ba, ranar Salla ma haka. Da aka datse gulbi a Bakolori, ruwa ya haɗiye gonar da ƙauyen, aka kwaso su aka zube a kan tudu bayan Maradun, wurin da ko akuya sai ta yi tunani kafin ta kwanta. Tsamiyar ta mutu a tsaye cikin ruwa, kanta a waje. Balarabe bai fasa ba. Wani masunci mai suna Buba yakan ɗauke shi a kwalekwale in za shi duba raga, ba ya kuwa dawo da shi sai rana ta take. Daminar bara haka ta wuce, bai sa ko ƙwaya ɗaya a tudun da aka ba shi ba. Cewa yake wanda ya shuka tsakuwa ya yarda ke nan da abin da aka yi masa.

Iskar tudun nan kuwa ba ta barin danshi. In ba a shuka da safen nan ba, kafin azahar ƙasa ta koma fako.

Marka ta ja mayafi ta bi shi har bakin ruwa.

"A'a, Inna!" in ji Buba, yana dariya. "Ke ma yau kin zo gaida tsamiya?"

"Tuƙa, ɗan nan. Ban zo wasa ba."

Balarabe ya harare ta, amma ba a faɗa da mace a gaban baƙo. Suka shiga.

Ba ta taɓa hawa ruwan ba. Tana riƙe da gefen jirgin, tana leƙen ƙasa, ba ta ganin komai sai fuskarta tana rawa. Mutane sukan ce ranar Juma'a ana jin carar zakara daga can ƙasa, wasu kuma su ce tarwaɗa ce ke kwana a ɗakin limamin da. Ita abin da ya tsaya mata a wuya daban ne. A wani wuri ƙarƙashin wannan ruwa akwai dutsen niƙanta, wanda mai motar kwasa ya ce ya yi nauyi.

Da suka iso, belbelu suka tashi daga rassan. Itacen ya yi fari fat kamar ƙashi. Balarabe ya miƙe a hankali ya dafa wani reshe, reshen da a da sai dai tsuntsu ya sauka a kansa. Ya gyara murya.

"Ni Balarabe ɗan Jibirin, Allah ya tashe ni lahiya. Ƙasata tana nan. Ban ci hatsin wani ba."

"Ƙarya!"

Buba ya saki filafili, sai da ya kamo shi a ruwa.

"Mi kika ce?" Balarabe ya juyo, jirgin ya yi tangaɗi.

"Na ce ƙarya kake, Malam. Tuwon da ka ci jiya, na wa ne?"

"Na rumbuna. Wanda munka taho da shi."

"Wane rumbu? Dammunan da munka taho da su sun ƙare tun kafin azumin bara. Kai ba ka leƙa rumbu, tsamiya kake leƙe! Kowace Talata in na tahi Mafara sai da daddawa, kana cewa kasuwa ce ke riƙe ni? Ƙanena Yari nake jira, shi sauko daga motar Bakura da gero a buhu, in ɗauko a kaina in shigo ta bayan gida kamar ɓarauniya, don kada ka ji kunya. Ni ce nake jin ta. Matarshi ta fara kallona. Makon jiya ya ce mani, Yaya, nawa ma ya kai ƙasa."

"Ki yi shiru! Gaban mutane?"

"Ai gaban mutane kake faɗin taka."

Buba ya juya baya, ya shiga jan ragar da ba ta kai lokacin ja ba.

Balarabe ya nuna ƙasan ruwa. "Ke ba ki san abin da sunka yi mani ba. Fadamar da ubana ya sassabe da hannunshi! Sunka zo da masu bindiga, sunka ce mu tashi, sunka ba ni dutsi. In shuka shi in ce na gode?"

"Kai kaɗai anka yi ma? Uwata na nan ƙasa, Malam. Kabarinta na nan, kifi na wucewa bisa. Ɗiyana biyu na nan. Ka taɓa jin na ce ba ni girki sai an mai da mani su? Allah ya isa, nakan ce kullum in na hura wuta, Allah ya isa tsakanina da su, kuma ba ni yahewa har gaban Ubangiji. Amma ina hura wutar!"

Ruwa na bugun cikin jirgi. Wata belbela ta dawo ta sauka a reshen sama tana kallonsu da ido ɗaya.

Balarabe ya daɗe da hannunsa a jikin itacen. Da ya ɗauke, ɓawo ya biyo tafinsa, ya marmashe ya zuba.

"Buba, mai da mu."

"Baba, ragata..."

"Na ce mai da mu!"

A bakin gaɓa ya sauka bai ba matarsa hannu ba. Ya yi gaba, ya tsaya, ya waiwayo. "Buba, gobe kada ka jira ni."

Sun isa gonar tudu rana ta fara zafi. Maƙwabta suka ɗago daga kunyoyinsu suna kallo, wani ya buɗe baki zai yi barka, ya ga fuskar Balarabe ya fasa. Babu itace a gonar ko ɗaya, sai sabara da duwatsu. Ya duba gabas, ya duba yamma, bai ga abin dafawa ba. Sai ya kafa sungumin shuka a ƙasa ya ɗora hannu biyu a kan ƙotarsa.

"Ni Balarabe ɗan Jibirin, Allah ya tashe ni lahiya." Muryar ta fito da kaushi, kamar mai zagi. "Ƙasata sun cinye ta, Allah ya isa. Wagga kau da ta rage, tawa ta."

Ya ɗaga sungumi ya sara. Ƙarfe ya haɗu da dutse, ya yi ƙara. Ya matsa ya sake sara, ƙasa ta buɗe, ja, da sauran danshi a cikinta.

Marka na tsaye a bayansa da ƙwarya a hannu.

"Malam, saura guda, ta hatsi."

"Wagga sai kaka," ya ce, bai juyo ba. "Zuba iri, ƙasa na bushewa."