Ba A Ɗaga Soson Teku Daga Ruwa

Kifin ado nake sayarwa, irin wanda ake zubawa a akwatin gilashi a falo ana kallo. Da aka ce za a rushe layin shagunanmu a faɗaɗa hanya, na kama wani shago a bayan kasuwa, na haɗa sabon akwatin ruwan gishiri a can. Ranar tashi ƙanin matata ya zo da motarsa ta ɗaukar kaya. Direba muke ce masa. Kifin muka ƙulle a leda da ruwansu, muka loda komai. Sai ya rage tsohon akwatin da aka gina a jikin bango, da dutsen da ke cikinsa.

A jikin dutsen akwai soson teku, ruwan ɗorawa, ya kai kan mutum girma. Yana kamar ɗan yatsa mai kawo mini kifi ya kawo shi, a hannuna ya girma. Wanda bai sani ba zai ce tsumma ne, amma dabba ce mai rai. Ba baki, ba hanji, ba jini. Jikinsa duk ƙananan huda ne. Ta nan ruwa ke shiga, ya bi lunguna zuwa wasu 'yan ɗakuna masu gashi-gashi da ke kaɗawa ba hutu. A nan yake tsince abincinsa daga dattin ruwan, ya turo tataccen ta babban ramin da ke samansa. Tun da ya girma ruwan akwatin nan bai taɓa gurɓacewa ba.

Direba ya naɗe hannun riga ya ce, "Mijin Yaya, ciro dutsen mu jefa a kwali."

Na ce, "Ba zai fita daga ruwa ba."

"Nan da bayan kasuwar?"

"Ko na ƙiftawar ido. In iska ta shiga lungunan nan maƙalewa take yi, ba shi da huhun da zai yi tari. Wurin ya toshe, ya ruɓe, ruɓar ta ci sauran."

Ya juya wajen matata yana dariya. "Yaya, kin ji mijinki? Soson wanka ya zama ɗan gata. Ni fa lodi na jira na."

"Ni ma haka na same shi," in ji ta. "Kai dai yi abin da ya ce mu huta."

A lokacin katafila ta fara cin shagon farko a bakin layi. Shugaban masu rusau ya leƙo, hular kwano a kansa, ya ce in fita. Na jawo kujera na zauna a gaban akwatin, na ce in yana sauri ya ture da ni a ciki. Ya dube ni, ya dubi dutsen, ya ce zai fara da ɗaya ɓangaren, amma kar ya dawo ya tarar da ni.

Na ce wa matata ta kawo bahon wankinta. Na nutsar da shi cikin akwatin, na mirgina dutsen a ciki a ƙarƙashin ruwa, muka ciro shi cike taf, ni da ita da tela maƙwabcina. Da Direba ya ga ruwa na ɗiga sai ya tare bayan motarsa.

"Ruwan gishiri a motata? Ya cinye mini ƙarfe? Wallahi a'a."

"To ja motarka. Da ma tsatsa ce ke riƙe da ita."

Ya ja ya tafi da sauran kayan. Na ari baro wajen mai sayar da siminti, muka ɗora bahon. Ni na tura, matata na biye da jarkar ruwan gishiri a ka. Mutane na tambaya me na ɗauko, ban kula kowa ba. Wani mai mota ya yi ta danna mini oda a baya, na ce ya yi fiffike.

A bakin kwatar da ke tsakiyar kasuwa tayar ta faɗa rami. Bahon ya karkata, ruwa ya kwarara, gefe ɗaya na soson ya leƙo waje. Na danna baron da gwiwa ya daidaita, ita kuma ta juye jarkar gaba ɗaya a cikin bahon. Haka muka lallaɓa har muka isa.

A sabon shagon muka nutsar da bahon cikin sabon akwatin, na mirgino dutsen. Na ɗauki sabuwar reza, na sa hannu cikin ruwa, na yanke gefen da iska ta taɓa, har da ɗan na kusa da shi. Ƙashinsa siraran allurai ne kamar gilashi, suka cika mini yatsu. Ban damu ba.

Matata ta ce, "Baban yara, zai yi rai kuwa?"

Na ɗora yatsa a saman babban ramin na jira. Da farko shiru. Can sai na ji ruwa na turo mini yatsa a hankali.

Da yamma Direba ya zo sauke sauran kaya, ya tsaya a ƙofa. "Ina ɗan gatan? A yi gaisuwa?"

Na ce ya zo ya sa yatsa ya ji da kansa. Har ya miƙo hannu, na buge shi. Baƙin mai ne a hannun, na ce ya je ya wanke tukuna.