Babbar Kyamarar Yaya

Mai shago ya sauko da kyamara ta uku daga kan kanta, mai aski ya karɓa da hannu biyu kamar an miƙa masa jariri. Ƙarama ce, ba ta wuce sabulun wanki ba. Ya gwada ta a kan matarsa da ke tsaye tana hararar sa. Hoto ya fito tas, har da hararar.

"Wannan ce daidai aljihunka," in ji mai shago. "Tana kama murya, batirinta yana kai wuni."

"Ni ta yi min. Yaya ne ba za ta yi wa ba."

Yayan nasa mahauci ne, kuma shi ne jarumin fim ɗin da mai aski ya daɗe yana tsarawa tsakanin wannan kai da wancan: attajirin da ya kori ɗansa, ya dawo yana neman gafara. Duk unguwar babu mai tumbi da muryar da suka dace sai shi. Amma ya rantse ba zai bar teburin namansa ya je yana kuka a gaban abin wasan yara ba. Da la'asar za a fara ɗauka. In ya ƙi, fim ya mutu.

Matar ta nuna wata ƙatuwar kyamara baƙa da ke ƙasa, jikin ƙofa. "Waccan fa?"

"Uwargida, gawa ce. Ko kaset ɗinta an daina yi. Ƙofa nake tokarewa da ita."

"To, mun sayi ƙaramar. Ka ba mu gawar gyara."

Mai shago ya tuntsire da dariya. "Yau na ga gyaran da ya fi sayayya nauyi!"

A hanya mai aski yana ta nishi da gawar a kafaɗa, ya dubi matarsa. "Yanzu ƙarya za mu yi wa Yaya?"

"Wa ya ce ka buɗe baki? Goge ta kawai. In ya tambaye ka tana aiki, ka faɗa masa gaskiya."

Bai tambaya ba. Mutane ba sa tambayar abu mai girma ko yana aiki, ƙarami suke titsiyewa. Da Yaya ya shigo shagon aski cikin rigarsa ta fita kunya, ya ga baƙar aba a kan ƙafafu uku tana sheƙi, sai ya gyara hula ya rage murya.

"Ƙane, ashe da gaske kake."

Yaya yana da hali ɗaya da ya ɓata duk gwajin da suka yi da waya: ba ya kallon abokin wasansa, idon kyamara yake zuba wa ido kamar mai ɗaukar hoton fasfo. Don haka mai aski ya ja gawar ya kafa ta daidai bayan kafaɗar tela, wanda ke fitowa a ɗan. Matar ta tsaya gefen madubi, ƙaramar a kunne a kan tarin tawul.

"Mu je!"

Yaya ya ƙura wa baƙar kyamarar ido, leɓensa ya soma rawa. "Ɗana, ni na kore ka. Ni na zo da ƙafata."

A gilashin ƙaramar kyamarar da ke gaban matar, uba ne ke kallon tsakar idon ɗansa. Tela, da aka ce ya ɗaure fuska kawai, ya fashe da kukan gaske. Har mai jiran aski a benci ya share ido da hular da ya cire.

"Ya isa!" in ji mai aski.

Yaya ya fyace hanci, ya taka ya shafa bayan gawar kamar yana taya bijimi a kasuwa.

"Ka gani? Babba babba ne. Da waccan 'yar sabulun ka kawo, ko ɗigon hawaye ba za ka samu ba."

Mai aski ya dubi matarsa. Ta riga ta ja tawul ta rufe ƙaramar.

"Gaskiyarka, Yaya," ya ce. "Gobe ma ita za ka kalla."