Shirun da Aka Yi wa Tsawa

Mai gadin ƙofa ya zazzage jakarta a kan tebur kamar mai neman bindiga. Almakashi ya faɗo, da zaren ɗinki, da kwalbar man zafi, da wayar da ta yini a caji. Ya ɗauke almakashin ya ce ta karɓa in an tashi.

"Mama, ba a ɗaukar bidiyo a ciki fa."

"Ba bidiyo zan ɗauka ba, ɗana. Wani zan ara wa kunne."

Bai gane ba, bai kuma damu ya gane ba. Ta kwashe tarkacenta ta shiga.

Zauren ya cika da furfura. Garwashi ne za su yi wasa, ƙungiyar kiɗan rawa irin na Amurka, fank da sol, da ta hana samarin garin nan barci shekaru arba'in da suka wuce. Yanzu kuwa wasan la'asar aka sa, don daga makaɗan har masu kallon babu mai ƙashin bayan da zai kai dare. Ta sami kujerarta can gefe, kusa da wata ƙatuwar lasifika. Tikitin kyauta ai ba ya zaɓen wuri.

A da ita ma tana kan dandamalin nan, 'yar amshi ce, cikin doguwar riga mai walƙiya. A nan ta haɗu da mijinta, mai jitar bes, wato jitar nan mai kaurin murya da ake ji a ƙirji kafin kunne. Tsawa ake ce masa. Ita ta bar waƙa ta kama keken ɗinki, shi ya ci gaba, har ranar da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye a banɗaki. Hannun da yake danna tsirkiya da shi ke nan. Tun daga ranar yake kwance a ɗakinsu na bene, da cokali a hannun dama, yana buga ƙarfen gado in yana son ta.

Ta kira lambarsa. Maƙwabciyarsu ta ɗauka, ta ajiye masa wayar a kan matashi, ta ce za ta leƙo in ta sauke girki.

"'Yar Amshi," ya ce, harshensa na ja da ƙyar. Sunan da yake tsokanarta da shi ke nan har yau. "Sun fara?"

"Tukuna, Maigida. Suna can suna neman haƙoransu."

Ya yi irin dariyarsa ta yanzu, rabin baki. Tun safe ya sa ta ciro masa rigarsa ta wasa daga ƙasan akwati, ja mai ƙyalƙyali. Ta yi masa yawa, sai da ta rage ta, ta sake maɓallai. Yana can kwance cikinta, shi kaɗai a ɗaki, yana jiran Kira.

Kira wata al'ada ce ta Garwashi da duk mai son su ya sani. A waƙar ƙarshe jagoransu, Kyaftin, yakan kira kowane makaɗi da laƙabinsa, shi kuma ya amsa da abin kiɗansa. Wanda ya rasu ma ana kiransa, sai dai kowa ya ɗauke hannu, zaure ya yi tsit, sannan su faɗo da kiɗa gaba ɗaya. Tun rasuwar Zakara mai busa ƙaho suka fara haka. Watan jiya ta ajiye kunya ta je wurin da suke gwaji, ta ce wa Kyaftin abokinsa ba ya roƙon komai, gaisuwa kawai yake so daga kan dandamali, mutane su san yana nan. Kyaftin ya dafe ƙirji ya ce, "Haba matarmu, a yi Kira babu Tsawa? Sai dai in ba ni ke riƙe da makirfo ba." Ita ta kai wa mijinta wannan magana da bakinta, kuma tun ranar ya koma cin abinci sosai.

Fitilu suka mutu, zaure ya ɗauki ihu. Suka fito cikin kwat masu sheƙi, kowa da tumbinsa. Kyaftin ya rina gashi baƙi wuluk, har rinin ya gangaro masa bayan kunne. Guduma mai ganga sai da aka kama masa hannu ya hau mazauninsa. Ta taɓe baki, ta shirya ganin abin kunya.

Ba ta samu ba. Guduma na ɗaga sanda ya zama wani mutum. Ƙahonni suka tsaga zauren, jitoci suka shiga suna tsakurar kiɗan ƙanana-ƙanana, tsofaffi suka miƙe suna rawa da gwiwoyin da likita ya hana su wahalarwa. Wallahi kiɗan ya yi daɗi, kuma wannan ya fi komai ɓata mata rai. Ta so a ce an ji giɓi. A inda mijinta yake tsayawa wani ne tsaye, sa'an ɗansu na fari, yana kaɗa salon Tsawa tiryan-tiryan, har da ɗan jinkirin nan da yake yi kafin amshi ya shigo. Salon da aka ƙirƙira a kan tabarmar ɗakinsu, tana goyon ciki, tana ce masa ya rage ƙara.

Ta riƙe wayar a cinyarta, bakin wayar na fuskantar lasifika. A waƙa ta uku ta kama kanta tana amshi, da muryar sama, inda take shiga a da. Ta datse bakinta.

Mutumin da ke kusa da ita, wani mai sanƙo da ya jiƙe sharkaf da gumi, ya sunkuyo. "Hajiya, kin san waƙoƙin nan ke ma! Ni a bikin aurena aka sa wannan faifan."

"Allah sarki," ta ce.

Kyaftin ya zube a gwiwa ɗaya a tsakiyar wata waƙar soyayya, kamar yadda yake yi a da. Tashin ne ya zama aiki, sai da ya dogara da sandar makirfo. Mutane suka tafa wa faɗuwar, suka tafa wa tashin.

Sai aka zo Kira. Kiɗa ya yi ƙasa, ganga da bes kawai ke tafiya. Ta ɗaga wayar ta kara a kunne.

"Maigida, ga shi nan."

"Ina ji," ya ce. Numfashinsa ya yi sauri.

Kyaftin ya kira Guduma, ganguna suka amsa kamar za su fashe. Ya kira mai piyano, ya kira masu ƙaho ɗaya bayan ɗaya, ya kira sabon mai bes da wani laƙabi da ba ta tsaya ji ba. Sannan ya cire hularsa ya rungume a ƙirji, fitilu suka koma shuɗi.

"Yanzu sai 'yan'uwanmu da ba sa tare da mu," ya ce. "Zakara."

Aka ɗauke hannu. Zaure ya yi tsit, sannan suka faɗo gaba ɗaya. Ya kira wani mai jita da ciwon suga ya ɗauke bara. Aka sake yin shiru, aka sake faɗowa. Ta gane tun kafin ya buɗe baki, don bai mai da hular a kansa ba.

"Tsawa."

Aka ɗauke hannu. Mai sanƙo ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya jiƙansa, ashe shi ma ya tafi." A cikin shirun nan, ita kaɗai a duk zauren, ta ji wani ƙaramin sauti a kunnenta. Cokali ne a kan ƙarfen gado. Yana buga salonsa, daidai, har da ɗan jinkirin. An kira shi, yana amsawa.

Bai kai rabi ba suka faɗo da ƙahonni da ganguna, tafi ya rufe komai. Da ta duba wayar, an kashe.

Ba ta san yadda ta ratsa mutane ta kai bayan dandamali ba. Wani ya tare ta, Guduma ya hango ta ya ce a bar ta, sannan ya sami abin kallo a ƙasa. Kyaftin na zaune gaban madubi, an cire masa takalma, ƙafafunsa a kumbure cikin roba mai ruwa.

"A'a, matarmu! Kin ji tafin da aka yi masa kuwa?"

"Yaushe ya mutu, Kyaftin? Ban sani ba, ni da na yi masa wanka da safe."

Ya goge rinin da ke bin wuyansa da tawul. "Ban ce ya mutu ba. Cewa na yi ba ya tare da mu."

"Ka cire hula."

"To ya kike so in yi?" Muryarsa ta shaƙe, ba ta waƙa ba ce yanzu, ta tsoho ce mai jin yunwa. "Kira iri biyu ne a wurinmu, ke ma kin sani. Akwai mai amsawa da hannunsa, akwai wanda ake yi wa shiru. Ba mu da na uku. In na tsaya ina cewa yana gida a kwance, a yi masa addu'a, na kashe wasan. Mutane rawa suka zo yi, ba dubiya ba. Girma na ba shi, a layin Zakara na sa shi."

"Ya amsa," ta ce.

"Wa?"

"Ya amsa da hannunsa. Ku ne ba ku jira ba."

Kyaftin ya dube ta ta cikin madubi, ya buɗe baki, sai wani ya leƙo ya ce masu hoto suna jira. Ya fara laluben takalmansa. Ta fita. Har ta kai titi ta tuna da almakashinta, ta koma ta karɓa, don da shi take ci.

A cikin bas ta yi ta shirya ƙarya. Za ta ce layin waya ne ya yanke maganar, Kyaftin ya yi bayani daga baya, jama'a sun miƙe sun yi masa fatan lafiya. Da ta hau bene ta tura ƙofa, ta tarar da shi yadda ta bar shi, cikin jar riga, cokalin na ƙasa inda ya faɗi. Abincin da maƙwabciya ta ajiye yana nan a rufe. Ƙaryar ta maƙale mata.

"An tafa?" ya ce, idonsa a kan silin.

"An tafa."

"Ya kai na Zakara?"

"Ya fi."

Ya ɗan gyaɗa kai. "Guduma har yanzu gaggawa gare shi. Ban gama ba ya shigo."

Ta sunkuya ta ɗauki cokalin, ta goge da gefen mayafinta, ta kai hannunsa. Bai buɗe yatsunsa ba.

"Mai da shi kicin," ya ce. "Ki zo ki cire mini rigar nan. Ba a binne mutum da ƙyalƙyali."

Ta zauna a bakin gadon ta fara ɓalle maɓallan. Da safe ta ɗinka su, da zare biyu, don kada su tsinke in ya motsa.