Kunkuru Mai Riƙe Muryar Baba

A shekarar da ake rigimar tazarce, yajin aiki ya rufe lakwal, wato makarantun boko, ni da yayana Inusa muka zauna gida a unguwar Zariya ta Maraɗi babu abin yi. Sai ya tashi da haɗa ordinatar, wato kwamfuta, ta farko a gidanmu. Ya ce za ta buga katin biki, ta gyara hoto, ta zuba waƙa a waya, sauran kaɗan ya ce za ta daka fura.

Ya samo komai, saura furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin. Guda biyu wani mai shago ya nuna mana. Ɗaya ta gwanjo ce, mai gudu, amma da ta ɗau zafi sai ta kashe injin. Ɗayar sabuwa ce, ba ta sauri.

"Mai gudun za mu ɗauka," in ji Inusa. "Mi zan yi da kunkuru?"

Ni kuwa kaset ɗin Baba ne a raina. Kafin ya rasu a Abijan, saƙo yake aiko mana a kaset, yana gaida kowa da suna. Guda ɗaya ta rage, Inna ta saurare ta har zaren ya yi laushi. Mai gyaran rediyo ya ce in ta ƙara zagayawa sau ɗaya, an yi sa'a. So nake mu kwashe muryar zuwa cikin injin a wannan zagayen.

"In mai gudun ta mutu a tsakiya hwa?" na ce. "A zahin Maraɗin nan? Ina za mu samo wani Baba?"

Inusa ya ɗauki kunkurun yana ƙunƙuni har gida.

Ranar da muka kwashe muryar, zafi kamar bakin tanda. Ina yi wa injin fifita da maficin Inna. Baba ya gaida danginmu na garin Tsibiri, ya gaida Inusa, ya ce mini, "Hidaya, ki yi karatu." Yana gama addu'a zaren ya tsinke. Injin bai mutu ba.

Ina kewar wannan ɗakin, da ƙugin injin, da ƙorafin Inusa. Yanzu wayarsa ta fi kunkurun gudu nesa ba kusa ba, muryar ma tana cikinta. Amma Inna ba ta yarda da waya ba. Takan zauna gaban tsohon injin, ta jira shi ya farka a hankali.

"Ku bar shi," takan ce. "Babanku ma bai taɓa sauri ba."