Tsintar Ƙaya a Fagen Baba Tukur

Kaka ta biyu bayan samun mulkin kai, Gambo ya fara koyon kokawa wurin Baba Tukur a Dandamisa. Fagen kuwa gonar dawa ce da aka girbe. Kullum kafin a kama, sai samari su durƙusa su bi ƙasar da tafin hannu, suna cire ƙaya da tushiya. Tsintsiya kuwa, tsohon ya hana.

Abin ya tsaya wa Gambo a rai. Wasu suka ce layar abokan gaba ake nema, wasu suka ce tsintsiya tana share sa'a.

Ran nan ya riga kowa zuwa da tsintsiyar innarsa, ya share ɓangarensa tas, don ya ga abin da zai faru.

Baba Tukur ya duba, ya ce, "Madalla. Zo mu gwada."

Kafin Gambo ya ankara, ya ji shi a ƙasa. Wata tushiya da ƙasa ta rufe ta soke shi a gadon baya.

"Baba, ashe ba asiri ba ne?"

"Asirin ke nan a bayanka," in ji tsohon. "Tsintsiya ido take yi wa shara. Nan kuwa baya ne ke kwanciya."