Sati Shidan Ɗan'azumi

Wata tara Tsahara ke yi ba ta sa ɗanta a ido ba. Da an kai gero rumbu, Ɗan'azumi zai bar Tajaye ya tafi cin rani Abijan. Sai dai kaset mai ɗauke da muryarsa ya iso ta hannun wani mai dawowa, ta yi ta sa shi a rediyon maƙwabta har muryar ta fara ja. Shi kaɗai Allah ya bar mata. Ranar da hadarin damina ya dawo mata da shi, sai ka ce an biya mata Makka.

Kullum a rame yake dawowa, ga shi tun yana yaro ɗan gudu kaɗan sai haki. Shi ya sa take kiran Takama mai jakar allura ya yi masa ta ƙarfi a jijiya, kwana uku a jere. Takama ko ƙofar lakwal, makarantar boko, bai taɓa leƙawa ba, amma yana da farar riga, kuma allurarsa guda ce, ta kowa da kowa. Yakan ɗauraye ta a kwano in ya tuna.

A wannan damina, sati biyu bayan allurar, zazzaɓi ya kwantar da Ɗan'azumi. Aka sha ƙwayar nibakin, aka sha jiƙo, shiru. Da tari ya fara zuwa da jini, Tsahara ta sa aka ɗora shi a mota sai asibitin Galmi.

Likita ya daɗe yana sauraron ƙirjinsa. Ya ce zuciya ƙofofi huɗu gare ta, ɗaya ta nan jini ke bi ya tafi huhu. Ta Ɗan'azumi matsattsiya ce tun haihuwa, yanzu ƙwayar cuta ta bi jini ta zo ta yi sheƙa a kanta. Ya ce ba kasafai cutar ke kama wannan ƙofa ba, sai ta sami hanya.

"An taɓa yi mishi allura a gida?"

"Ni na sa," in ji Tsahara.

Maganin kuwa allura ce a jijiya, sati shida cur, ba fashi. Kwana goma ta yi tana jinya, sannan dole ta koma, don gona ba ta jiran mai jinya. Gidan ya yi mata faɗi. Takan tuƙa tuwon mutum biyu sai ta tuna. Wata ukun nan su ne rabonta da ɗanta a shekara, ga su suna zubewa tana kallo, kewa kamar ta kashe ta.

A sati na uku ta dama fura ta koma Galmi. Ta tarar da shi zaune bakin gado, fuska ta washe, ya ɗaure kayansa tsaf.

"Inna, na warke. Mu tahi gida. Haki ya ci gonag ga, wa za shi nome miki?"

A ranta har ta gan shi a gida a kan tabarma yana tsokanarta wai miyarta ba gishiri.

Likita ya ja ta gefe. Ya ce saukar zazzaɓi ba warkewa ba ce. In aka yanke maganin yanzu, cutar za ta dawo ta cinye ƙofar, kuma a lokacin babu abin da zai iya. Ya ce ya yi magana da yaron har ya gaji. Mutum ne babba, ba a ɗaure shi.

Tsahara ta dawo ta tsaya a kansa. Tun da ta haife shi ba ta taɓa ɗaga masa murya ba.

"Ɗan'azumi, in ka taka ƙasar Tajaye kahin likita shi sallame ka, ban yahe maka nonon da kas sha ba."

Ya dube ta kamar bai san ta ba. A hankali ya kwance ƙullin kayan, ya kwanta, ya juya fuska bango. Ta yi masa sallama, bai amsa ba.

A tasha wani direba ɗan garinsu ya matso. "Goggo, ya mai jiki?"

Ta share ido da bakin zane.

"Shina hushi da ni," ta ce. "Allah shi ba shi tsawon ran da za shi daɗe shina yi."