Ƙyauren Kafinta

Hayaniya ce ta sa Tela ta tsayar da keken ɗinkinta. Ta tagar shagonta ta hango maƙwabcinta Kafinta ya shaƙe wuyan rigar wani dogon mutum, shi kuma dogon yana ƙoƙarin cusa guntun katako a aljihu.

"Ɗan kaɗan na yanka, Baba. Na tunawa ne."

"Tunawa da wa? Ko sunanta ka sani?"

Sati uku ke nan da ɓarayi suka daɓa wa 'yar Kafinta wuƙa a bakin ƙofar gidansu da rana tsaka ta mutu nan take, jininta ya shiga ƙyauren da uban ya yi da hannunsa. Tun daga ranar layin ya zama kasuwa. Mutane na zuwa daga nesa, su ɗauki hoto, su ɓanɓari katako su tafi. Tsohon ya ɗauka in ya kankare tabon za su daina, ya wuni yana kankara. Kafin ya ɗauko tsintsiya, sun tsince ɓarɓashin tas sun ƙulle a leda.

Tela ta tsani mutanen nan har cikin ranta, ko da yake ita ma sau biyu tana leƙa tabon in ta ga ba kowa.

Dogon ya fizge ya shige cikin taro. Kafinta ya gyara fensirin da ke maƙale a kunnensa, ya hau kwance ƙusoshin ƙyauren.

"Baba, me kuma za ka yi?" in ji Tela, ta iso tana haki.

"Ƙona shi zan yi, 'yata. Kawo min kananzir."

Wani ya ji, ya faɗa wa na bayansa, taron ya yunƙuro kamar an buɗe wa awaki garke. Hannu goma a kan ƙyaure, kowa na ja. Tsohon ya rungume shi da ƙirji. Wani ya maka masa gwiwar hannu a baki, wani ya taka masa ƙafa, ƙyauren ya kife da shi, ƙeyarsa ta daki dakalin siminti. Tela ta ji ƙarar, ba za ta taɓa mantawa da ita ba.

Sai da ta zaro almakashi tana kai sara ta ko'ina suka ja baya, wayoyinsu a sama. Ta ɗora kansa a cinyarta, jini na bin zanenta.

"Kar ki bar musu komai," ya ce. "Ko ƙusa."

Bai kai asibiti ba.

Da aka gama bincike aka sallami mutanen layin, ta cika alkawari. Ta wanke dakalin sau huɗu, ta tattara ƙyauren da ƙusoshinsa da zanenta mai jini, ta cinna musu wuta a tsakar gidan Kafinta da babu kowa a ciki yanzu. Ta sa hannu a aljihu za ta mai da ashana, sai ta taɓo fensirinsa, duk shatin haƙoransa a jiki. Ba ta san lokacin da ta ɗauke shi ba.

Ta tsaya da shi a hannu har wutar ta fara ja da baya.